Wata Biyu Ina Gaida Mai Saurare

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ga ta nan tafe gare ku, amma wannan ba ta dawa ba ce, ba ta aljanu ba ce. A ɗakina aka yi ta, nan Arlit, kuma ni ce a ciki.

Ni mutuniyar Damagaram ce. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, na zo garin nan, bisa buhunan gero, da ƙullin kayana da tukunya ɗaya, lokacin da mai gidana, Allah ya ji ƙansa, ya samu aikin gadi a kamfanin ma'adini. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ko rana ɗaya ba. Abin da na sani da kunne na ji shi, a ka na ajiye shi. Wannan ma da kuke karantawa, faɗa nake ana rubutawa.

Ƴaƴa shida Allah ya ba ni, amma labarin nan na ɗan fari ne. Ku da kuka taso yanzu ba lalle ku gane ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane ta yi masa wasa. In an yabe shi sai ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran wuta. Kunya ce, haka muka tarar, haka muka yi. Tun ranar da aka raɗa masa suna, shekara arba'in da ɗoriya, sunan bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son ya zo sai in ce, "Kai." In ina zancensa sai in ce "mutumin nan". Ƙanwar mai gidana ce ta goya shi. Da ya yi wani zazzaɓi mai tsanani yana ƙarami, ita ta zauna a kansa, ni ina bakin murhu ina dama masa kunu, har na zuba gishiri a ciki ban sani ba.

Da ya girma ya shiga aikin ramin ma'adini na Akokan. Kullum da safe motar ma'aikata takan tsaya a bakin titi, ni kuma a daidai lokacin nan shara ke kai ni ƙofar gida. Shekara da shekaru ƙofarmu ta fi ta kowa tsabta a unguwa, ba wanda ya tambayi dalili. In ya zo wucewa ya ce, "Inna, na tafi." In ce, "To." Iyakar hirarmu ke nan.

Da aka rufe ramin, maza suka watse neman abin yi. Shi ya samu tuƙin motar ruwa, mai ƙatuwar tanki, yana kai wa masu haƙar zinariya can arewa, tafiyar kwana uku cikin hamada. Sai ya yi wata uku, wata huɗu, bai ga gida ba. Kafin ya tafi ya saya mini salula irin wadda ake shafawa. Matarsa, wadda muke gida ɗaya da ita, ta kai ni kasuwa aka yi mini pus, wato layin salula. Aka karɓi katina na ɗan ƙasa, aka rubuta, aka ɗauki hotona ban shirya ba, ɗankwali a karkace. Ita ce kuma ta koya mini saƙon murya, wanda suke ce wa bokal.

Ta ce, "Inna, kamar tantabara ce. Ki danna nan ki riƙe, ki gaya mata abin da kike so, ki saki ta tashi."

Saƙonnina na farko ba su fi hirarmu ta ƙofar gida tsawo ba. "Kai, ya hanya? Gida lafiya. Allah ya tsare." Inda yake babu rezo, salula ba ta kamawa sai ya hau wani tudu, don haka amsa takan yi kwana biyu ko uku kafin ta iso. Ta zo ta ce, "Inna, na isa lafiya." In ce, to, madalla.

Matar ɗana tana da tebur a kasuwa, tana sayar da albasa da tumatir na lambunan Ayar. Da hantsi ita tana can, jikoki suna lakwal, gida ya zama nawa ni kaɗai. Nakan zauna a ɗaki kusa da randa, inda ya fi sanyi. A nan na lura da wani abu: salula ba ta kallon mutum. Ba wanda zan sunkuyar wa kai. Sai saƙonnin suka fara tsawo. Na ba shi labarin kazar da ta yi kwanci a cikin tsohuwar hular ƙarfensa ta aiki. Na ba shi labarin tsadar gawayi. Wata rana ina cikin gaya masa ya riƙa rufe kansa saboda rana, ban ankara ba sai sunan ya faɗo daga bakina, kamar yadda ɗan dabino ke suɓucewa. Na razana na ɗage yatsa. Ɗage yatsa kuwa shi ne aikawa.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. A na huɗu salula ta yi ƙara. Na kara a kunne. Da fari ba komai sai hucin iska, mai tsawo, har na zaci kuskure ya yi. Can sai na ji ya ce, "Na'am, Inna." Ya sake cewa, "Na'am." Sai ya yi wata ƴar dariya irin ta ubansa, saƙon ya ƙare.

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Abin da na tara shekara arba'in na shiga kwashewa da ludayi, kullum kaɗan. Na gaya masa ranar da aka haife shi an yi ruwa a Arlit, abin da ba a cika gani ba, har maƙwabta suka ce yaron ya zo da goshi. Na gaya masa zancen gishiri a kunu. Na gaya masa dalilin shara. Ya ce, "Ashe haka ne. Ni da na zaci tsabta ce ta yi miki yawa." Shi ma ya shiga ba ni nasa: yadda gabansa ya faɗi ranar da ya fara sauka rami, yadda yake ajiye saƙonnina sai ya shiga doguwar hanya ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Kowane saƙo nawa da sunansa nake buɗe shi. Tsohuwa da ni, na koma kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi.

Muna cikin haka sai rairayi ya shiga bakin da ake sa wa salula wuta, ta ƙi ɗauka. Na kai ta wurin mai gyara a kasuwa, wani Bamaraɗe mai furfura a gemu, wanda dā shi ke gyaran wutar lantarki a rami. Yana da tebur a ƙarƙashin rumfa kusa da tashar ƴan kabu-kabu, da benci wanda ba ya rabuwa da masu gardama.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Ban je ba tukuna."

Ya ce, "To ai na riga na biya miki rabin hanya da baki."

Yana sakace bakin salular da allura, mazan benci suna ta musu a kan abin da suka ji a rediyo. Wai akwai dokar da ta ba hukuma damar sauraron kiran mutane da duba saƙonninsu saboda tsaro. Wai kuma abin da ya bi ta salula ba ya ɓacewa, akwai na'urorin da ke tara shi. Wani ya ce ƙarya ce, wa ke da kunnen jin mutanen ƙasa duka. Wani ya ce gaskiya ce, don me kuke tsammani aka karɓi katinku da hotonku? Wani mai rawani ya ce shi bai damu ba, wanda ba shi da laifi ba shi da abin ɓoyewa.

Ban saba sa baki a zancen maza ba, amma na ji na ce, "Malam, wanka laifi ne?"

Ya ce, "A'a, Inna."

Na ce, "To don me ake yi masa katanga?"

Benci ya ɗauki dariya, ni kuwa ba dariya a raina. Na matsa kusa da mai gyara na rage murya. "Ɗana, gaya mini gaskiya. In na yi magana a cikin abin nan, akwai wani a tsakani?"

Ya ce, "Hajiya, ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Abin da ya bi iska dai, akwai inda yake kwana."

Na dawo gida da salula gyararriya da zuciya a dagule. Ku fahimce ni, ban ƙi a kama ɓarayin hanya ba. Ɗana a kan hanyar nan yake, in sauraro zai sa a tsare shi, wace uwa ce za ta ce a'a? Amma na zauna kusa da randa na yi ta kallon abin a tafin hannuna, sai na ga mutumin da ke tsakanin a zuci. Wani ɗan mutane a Yamai, cikin ɗaki mai sanyi, da abin ji a kunnuwansa, ya ji ni ina kiran sunan ɗan farina. Ya ji zancen shara. Na ja mayafi na rufe fuska, ni kaɗai a ɗaki.

Sai kuma wani tunani ya zo. In dai mutum na zaune a wuri, ba a wuce shi ba gaisuwa. Uwata ba ta haife ni haka ba. Watanni ina shiga ina fita ta gabansa kamar akuya, ko sannu. Washegari da hantsi na danna na riƙe, na gyara murya.

"Salamu alaikum, mai saurare. Sannu da aiki. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Yamai? Ni ce tsohuwar Arlit. Ka yi haƙuri, zan yi magana da mutumin nan." Sannan na ce, "Kai, ya hanya? Gida lafiya. Allah ya tsare." Na saki.

Abin da ya rage ke nan. Da baƙo a ɗaki, wace uwa ce za ta kira sunan?

Ina da maƙwabciya, Buzuwa, aminiyata ta shekara talatin. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma gajeriya ce. Kullum da la'asar takan zo da ɗan murhunta da butar shayi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ranar ta shigo tana murmushi tun daga ƙofa.

"Kai tsohuwa, da wa kake gaisawa ɗazu haka, kamar ka ga gwamna?"

Na gaya mata zancen mai saurare, ban gaya mata sauran ba. Ta ajiye buta, ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

"To ka tambaye shi sukari nawa yake sha, mu zuba da shi."

"Ke ba ki gaishe shi?"

"Ni da Buzanci nake magana. Ya je ya nemi tafinta."

"Kina tsammani babu Buzaye a Yamai?"

Ta tsaya da kofi a hannu. Ta ce, "Wallahi akwai ɗan yayana can." Daga ranar ita ma ta rage zagin surukinta a salula.

Kafin mako ya zagayo zancen ya gama unguwa. Mata suka ɗauka, wasu da wasa, wasu da gaske. Wata mai ƙosai a bakin titi ta ce tun da dai yana ji, bari ta ba shi saƙo. Tana magana da ƴarta da ke aure a Tawa sai ta ce, "Mai saurare, ka gaya wa manya famfon unguwarmu yau kwana huɗu ko ɗigo." Washegari ruwa ya zo. Ranar na sha gaisuwa kamar ni na haƙa rijiyar. Sai wata ta ba shi cigiyar akuyarta, ja mai farin goshi. Wata ta tambaye shi ko yana da aure, don tana da ƴa ta gama lakwal. Akuya ba ta dawo ba, ruwa ya sake ɗaukewa, mata suka ce ashe shi ma ɗan aiki ne kamar kowa, suka bar shi. Ni kaɗai na ci gaba, don ni ba roƙo nake ba, ladabi nake.

Amma can arewa abin bai zama wasa ba. Amsar ɗana ta farko da dariya ta zo. "Inna, wa kike gaisarwa? Baƙi kika yi a ɗaki?" Ta yaya zan ba shi amsa? Ba a zancen baƙo a gabansa. Na gaida mai saurare, na ce, "Kai, gida lafiya." Ta biyu ba dariya a ciki. "Inna, in wani abu na yi, ki gaya mini." Na gaida mai saurare, na ce, "Ba komai." Ku kuwa kun san nauyin "ba komai" in ta fito daga bakin uwa. Daga nan ya koma, "Inna, na isa." Daga nan kuma sai shiru. Nakan ɗauki salula in girgiza ta, in kai ta bakin taga, ko rezo ne. Ba rezo ba ne.

Wata biyu muna haka. Ran nan matarsa ta kawo mini tuwo, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta durƙusa tana wasa da gefen tabarma.

"Inna, ɗanki ya kira ni. Ya ce in tambaye ki laifinsa."

"Ba shi da laifi."

"Ya ce kin ba shi abu kin karɓe. Ban san mene ne ba, bai gaya mini ba. Ya ce in wata ya mutu zai miƙa makullin mota ya taho, ba zai iya tuƙi da fushinki a bayansa ba." Ta ɗago ido. "Inna, kin san yadda aiki yake a garin nan tun da aka rufe rami."

Na sani. Na kuma san ba makullin kaɗai zai miƙa ba. In ya zo ya tsaya a gabana, ido da ido, ba abin da zai fito daga bakina sai "To", mu koma gidan jiya har kabari.

Washegari na tari ɗan kabu-kabu, na hau babur a karkace ina salati, sai kasuwa. Na tarar benci ba kowa, Allah ya taimake ni. Na miƙa wa mai gyara salula.

"Ɗana, akwai maganganun da na yi a ciki. So nake ka kwashe su duka, ka ba ni abina."

"In goge, Hajiya?"

"Ka goge har wanda ke Yamai."

Ya cire tabarau ya ajiye. Bai yi mini dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, "Na hannunki zan iya gogewa yanzu. Na hannun wanda kika aika wa, sai shi. In akwai na wani wuri, hannuna bai kai ba. Masana sun ce irin saƙon da kike yi a kulle yake tafiya, ba kowa ke iya buɗe muryar ba. Ni ban gani da idona ba. Abin da na fi amincewa da shi, ana iya sanin wane pus ya nemi wane, da wane lokaci, daga wane gari, sau nawa. Wannan kam yana zama a rubuce."

"Har yaushe?"

"Ba su gaya mini ba."

"To wace ƙofa zan je in buga in ce a ba ni maganata?"

Ya buɗe tafin hannu biyu. "In kin same ta, ki zo ki nuna mini."

Na ce ya bar saƙonnin, kada ya goge ko ɗaya. "Na'am" ɗin nan tana ciki.

A hanya ina tunani. Tun muna yara aka gaya mana akwai masu rubutu biyu a kafaɗun kowa, ba abin da ke wuce su. Ban taɓa jin kunyarsu ba. An gabatar mana da su, mun san wanda ya aiko su, mun san wurin wanda za su kai, kuma Shi mai rufin asiri ne. Wannan na ukun fa, wa ya aiko shi ɗakina, wurin wa zai kai, yaushe zai yage takardar? Ba wanda ya ce mini komai. Hotona kawai aka ɗauka.

Da la'asar Buzuwa ta zo da shayi, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Yau fuskarka kamar an kwance maka raƙumi." A kofi na biyu na gaya mata duka, har zancen suna. Shekara talatin muna tare, ranar ta fara ji. Na kuma gaya mata abin da mai gyara ya ce, cewa ko ba a ji murya ba ana ganin wa ya nemi wa.

Ta ce, "Wannan ai sawu ne. Ubana in ya dubi sawun raƙumi, zai gaya maka na wane ne, da kaya ko ba kaya, tantin wa ya nufa, ya daɗe ko bai daɗe ba. Ba ya bukatar jin abin da aka ce a ciki. Amma ubana ba ya faɗa wa kowa, kuma kwana biyu iska ta share."

"Wannan ba iskar da ke share shi."

"Na ji." Ta ɗaga buta sama ta tsiyaya, kumfa ta taso. "Amma in tambaye ka. Wata biyu kana gaishe shi. Ya amsa?"

"Ko sau ɗaya."

"Da zai shigo, ya yi sallama?"

"Bai yi ba."

"To kai da ka fi ni sanin Hausa, wanda ya shigo gida ba sallama, aka gaishe shi bai amsa ba, baƙo ne? Ka shimfiɗa masa tabarma, ka kori ɗanka waje. Kunyar nan da kake ɗauke da ita, ba taka ba ce. Tasa ce, ka miƙa masa kayansa."

Na riƙe kofin har ya huce. Ban ce ta yi gaskiya ba, don in na faɗa ba zan huta ba har shekara.

Washegari da hantsi ya yi, gida ya watse, na yi alwala kamar mai shirin tafiya, na zauna kusa da randa. Na danna na riƙe.

"Mai saurare, in kana nan, wannan ce gaisuwata ta ƙarshe. Wata biyu ina yi maka sannu ba ka amsa ba. Ban yi fushi ba, wataƙila aikin ne ya hana ka baki. Kai ma ɗan wata ne, wa ya sani ko ɗan fari. Ka nemi masu tare hanya, Allah ya ba ka sa'a. Amma abin da zan faɗa yanzu ba naka ba ne. In ya faɗa kunnenka, amana ce, za a tambaye ka ita."

Sannan na kira sunan ɗana sau uku, a fili, har kazar da ke tsakar gida ta ɗaga kai. Na gaya masa komai daga bencin kasuwa har shayin jiya. Na ce kada ya kuskura ya miƙa makullin mutane. Yatsana ya gaji kafin na gama.

Kwana biyu amsa ta zo. Rabinta dariya ce, irin wadda mutum ke yi har ya shiga tari. "Inna, yanzu saboda ɗan Yamai na rame? Abokan aiki har sun ce ko ciwo nake ɓoyewa." Ya yi gyaran murya. "Malam mai saurare, in kana nan ka ji dai, uwata ce, ba ta kowa ba." Sai ya rage murya ya ce, "Inna, ƙara faɗa. Uku ba su ishe ni ba."

Muka koma hirarmu. Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta koma daidai yadda take dā ba. Sunan ina kiransa, labarin kaji da jikoki da tsadar kasuwa duk ina bayarwa. Amma akwai maganar da ubansa ya bar mini in gaya masa, wadda nake ta jiran ranarta. Sau biyu ina ɗora yatsa, sau biyu ina fasawa. Wannan ba ta kwana a ɗakin da ban san mai makullinsa ba.

Da Babbar Salla ya zo gida. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, na ce, "To, sannu," na shiga gyaran wuta. Kashegarin salla da hantsi, matarsa ta kwashi yara suka tafi yawon gaisuwa. Na ce, "Kai, kawo salularka." Na haɗa da tawa, na sa su cikin tukunya a madafa, na rufe da murfi, na ɗora dutsen niƙa a kai. Ya ce, "Inna, dafa su za ki yi?" Na ce ya ɗauko tabarma ya zauna a bakin ƙofar ɗakina. Ni na shiga ciki na saki labule. Yana ganin ƙafafuna, ina ganin inuwarsa. Na kira sunan, da bakina, ba yatsa a kan komai. Ya ce, "Na'am." Na ba shi saƙon ubansa tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka ce a wurin, mu biyu ne da labule. Ku ma ba zan gaya muku ba.

Mai gyara yana nan a rumfarsa, ya ƙara da sayar da fitilu masu cin rana, har yau Hajiya yake ce mini. Buzuwa ta bi ɗanta ta koma lambunsu a Ayar. Takan aiko mini da bokal rabi Hausa rabi Buzanci, da cuku in an samu mai zuwa. Mai ƙosai ta aurar da ƴarta ta biyu, mu muka yi girkin. Matar ɗana ta ƙara tebur, yanzu har dankali take sarowa, kuma ba ta taɓa tambayata me na ba mijinta na karɓe ba. Ɗana yana kan motarsa, ya yi ƙiba, ya ce in Allah ya yarda shekara biyu zai ƙara ya dawo gida gaba ɗaya. Mai saurare kuwa, ban san ko ya yi ritaya ba, ban san ko an taɓa haihuwarsa ba.

Ni ga ni nan kusa da randa, gwiwa ta ƙi, baki bai ƙi ba. Iyakarta ke nan. Abin da ya saura na bar wa kaina.